Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sayen Injin Wanki na Gida

A gidan ƙanwata akwai wani injin wanki fari tas, mai ƙofar gilashi ta gaba, wanda ya shekara guda cur bai ɗanɗani ruwa ba. Cikin kayan ɗakinta aka kai shi. Ranar jere babu macen da ta wuce ba ta shafa shi ba, ana ta "masha Allah, an yi ƙoƙari." Da na je gaishe ta bayan babbar sallah sai na tarar an shimfiɗa masa ɗan ƙyalle a ka, an ɗora filas biyu da kwandon magani.

"Ke kuwa wannan tebur kika mai da shi?"

"Yaya, to da wane ruwan zan kunna shi? Mai garuwa ne yake kawo mana."

Injin lafiyarsa ƙalau, gidan ne ba nasa ba. Tun daga nan na fara lura cewa yawancin masu kuka da injin wanki ba jabu aka sayar musu ba. A shago suka zaɓa, da ido, ba su tambayi gidan da za a kai shi ba: wane ruwa ke akwai, wace irin wuta, mutum nawa, wane irin kaya, wa zai riƙa kunnawa.

Sayen inji kafin a duba ruwan gida

Iri uku ne suka cika kasuwanninmu, daga Sabon Gari a Kano har Alaba a Legas. Akwai mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsewa, wanda kai za ka zuba masa ruwa, ka murɗa agogonsa, in ya gama ka ɗebe kayan ka mayar ɗaya ɓangaren. Akwai mai buɗewa ta sama wanda yake yin komai da kansa. Sai mai ƙofa ta gaba, shi ma mai yin komai da kansa, wanda ya fi su tsada, ya fi su nauyi, ya kuma fi su ɗaukar ido.

Wannan "komai da kansa" da mai shago yake ta nanatawa tana da sharaɗi. Injin da kansa yake buɗe wa ruwa hanya ya sha, ya zubar, ya sake sha don ɗauraya, sau biyu ko uku a wanki ɗaya. Dole ke nan a haɗa shi da famfon da ruwa ke fitowa a duk lokacin da ya nema, kuma da ƙarfi. Takardun da ke zuwa da irin waɗannan injuna galibi suna neman ƙarfin ruwa daga rabin "ba" zuwa "ba" ɗaya, wato ma'aunin matsin ruwa. A sauƙaƙe, "ba" ɗaya shi ne ƙarfin da ruwa ke samu in ya gangaro daga tsayin kamar mita 10. Tankin da aka ɗora a kan ginin mita uku bai kai ko rabin haka ba. Abin da ke faruwa shi ne injin ya yi ta jiran ruwa yana zuwa kamar fitsarin jariri, in ya gaji ya nuna wasu haruffa a fuskarsa ya tsaya. Uwargida ta ce ya lalace, a kira mai gyara, mai gyara ya kwance abin da ba ruwansa.

Gyaran wannan ba wuya. In akwai burtsatse da tanki amma ruwan ba ƙarfi, a sa ɗan ƙaramin injin tura ruwa a kan bututun da ke zuwa wurin wankin. Masu aikin famfo sun san shi. In kuwa ruwan rijiya ne ko na mai garuwa, a bar dogon buri a ɗauki mai baho biyu. Da bokiti ake ba shi ruwa, ba ya tambayar daga ina ya fito. Ni a ganina, a unguwanni da yawa na garuruwanmu shi ne injin da ya dace, kuma raina shi da ake yi don ba ya walwali kuskure ne.

Sai yawan ruwan. Mai ƙofa ta gaba yakan gama wanki da lita 40 zuwa 60, wajen jarka biyu ke nan, tunda jarkar masu garuwa lita 25 ce. Mai buɗewa ta sama kuwa sai ya cika cikinsa kayan su nutse, don haka yakan sha sama da lita 100, wani lokaci ya doshi 150. Gidan da ake wanki sau huɗu a mako, wannan bambanci ba ƙarami ba ne, musamman a watan Afrilu da rijiyoyi ke ja da baya. Mai baho biyu shi ma yana shan ruwa, amma a hannunka lissafin yake: ruwan omo ɗaya sai ka fara da fararen kaya, ka bi da masu launi, ka ƙarasa da tsummokaran goge-goge. Ruwan ɗauraya kuma a tara a baho a wanke tsakar gida ko bayi. Injin da ke yi da kansa ba ya barin ka yi wannan dabara sai ka tare ruwan a bakin tiyo.

Ruwan burtsatse yakan zo da yashi. A inda tiyon ruwa ke shiga bayan injin akwai 'yar rariya ƙarama kamar bakin kwalba, yashi ke toshe ta. Duk bayan wata biyu a kashe famfo, a kwance tiyon, a zaro ta a wanke da tsohon buroshi. Injuna da yawa da aka yanke wa hukuncin mutuwa wannan ce kawai cutarsu. Ruwa mai zartsi kuma yana tara farin ɓawo a jikin hitar injin, kamar wanda ake gani a gindin butar lantarki, har ta ƙone.

Wuta

Mutane na tambayar kuɗin inji, ba sa juya shi su karanta 'yar takardar da ke manne a bayansa. A nan aka rubuta wutar da yake ja. Mai baho biyu galibi tsakanin wat 300 ne zuwa 500. Mai ƙofa ta gaba kuwa za ka ga an rubuta wajen 2,000, har da ɗoriya. Ba juya kayan ne ke cin wannan wuta ba, hitar da ke cikinsa ce mai dafa ruwa. An ƙera shi ne da tunanin ƙasashen sanyi, inda ake wanki da ruwa mai zafin digiri 40 ko 60.

Ɗan ƙaramin janareton nan da ake kunna fanka da talabijin da shi bai kai wat 1,000 ba. Da zarar hita ta kama, sai ka ji ya yi gurnani ya mutu. Haka inbatar sola ƙarama za ta yi ƙara ta kashe kanta. Maganin abin a fuskar injin yake: a zaɓi wanki da ruwan sanyi, hitar ba za ta tashi ba, injin zai koma jan 'yar wuta kaɗan. Ruwan tankin da ya wuni a ranar Sakkwato ko Maiduguri ma ai ya riga ya dahu. Amma kafin a biya kuɗi a tabbata injin yana da wannan zaɓi, kuma a nuna wa mai wankin yadda ake danna shi, domin wasu injunan suna komawa kan ruwan ɗumi da kansu duk lokacin da aka kunna.

Masu mita mai kati su ma lissafin ya shafe su. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, daga kusan naira 68 zuwa 225, aka ɗan rage bayan wata guda. Wanki ɗaya da ruwa mai zafin digiri 60 yakan cinye kusan yunit guda, na ruwan sanyi kuwa bai kai rabin haka ba. Ga mai janareto kuma, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wankin da zai ɗauki awa biyu ko uku ba abin wasa ba ne, kuma haka mai ƙofa ta gaba yake, ba ya gaggawa. Mai baho biyu agogon wankinsa minti 15 ne, na matsewa minti 5.

Babbar matsalar ma ba rashin wutar ba ce, rawar da take yi ce. A kawo ta ja-ja kamar garwashi, can ta dawo da ƙarfi kamar an aiko ta. Injin da ke yi da kansa yana da allon lantarki a ciki, shi ne ƙwaƙwalwarsa, kuma shi ne abu mafi tsada in ya ƙone. A saya masa sitabilaiza da ta fi ƙarfin abin da yake ja, ko aƙalla 'yar na'urar nan da ake sa wa firji mai yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi kaɗan, ta kuma jinkirta kafin ta sake ta. A ba shi soket nasa a bango mai wayar ƙasa, kada a jona shi a doguwar wayar da aka jona dutsen guga. Ruwa da wuta da mace ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, wannan ba wurin tsimin kuɗi ba ne. In an taɓa jikin injin an ji yana ja, a kashe a nemo mai aikin wuta tun ranar.

Tambaya ɗaya da ba a cika yi wa mai shago ba: in aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, daga inda ya tsaya zai ci gaba ko daga farko? Kuma mai ƙofa ta gaba yana kulle ƙofarsa in yana aiki. Wasu sukan saki kullen bayan 'yan mintoci da ɗaukewar wuta, amma in ruwa na ciki, buɗewa ambaliya ce. Na san gidan da yunifom ɗin yara ya kwana biyu a jiƙe a ciki ana jiran NEPA, ranar Litinin aka tafi makaranta da kayan gida.

Kilo nawa?

Lambar da aka rubuta, kilo 7 ko kilo 10, nauyin busassun kaya ake nufi, ba jiƙaƙƙu ba. Gida mai mutum uku ko huɗu, kilo 7 ya ishe su. Biyar zuwa bakwai su nemi 8 zuwa 10. Gidan da ya wuce haka, mai mata biyu da yara goma sha, babu injin gida da zai ɗauke wankinsu a zama ɗaya, sai a raba kwanaki. Sau da yawa ma ƙananan injuna biyu, kowane ɗaki da nasa, sun fi ƙato guda zaman lafiya. Wanda ya taɓa raba faɗa a kan igiyar shanya ya san abin da nake nufi.

A mai baho biyu akwai wata 'yar ɓoyayyiya. Babbar lambar da ke jikin kwali ta bahon wanki ce. Bahon matsewa ya fi ƙanƙanta, wani lokaci da kusan rabi. Ka wanke kilo 10 ka matse shi kashi biyu. Ba laifi ba ne, amma gara ka sani tun a shago.

Kuskuren ƙaramin inji shi ne cusawa. Ana danna kaya da gwiwar hannu har ƙofa ta rufu da ƙyar, kayan ba su samu wurin juyawa ba, su fito da dattinsu da farin omo a jiki, bel da boris kuma suna shan wahala. A bar sarari kamar taƙi ɗaya a sama. Ƙaton inji ma yana da nasa: riga uku a cikin mai kilo 12 sai su taru gefe guda, lokacin matsewa ya kama jijjiga ko ya ƙi matsewa gaba ɗaya. Bargon nan mai nauyi na lefe kuwa, in ya sha ruwa sai ya ninka nauyinsa. Kada a sayi inji saboda shi, sau nawa ake wanke shi a shekara? A kai wa masu wanki da guga.

Ba kowane kaya ne na inji ba

Shadda mai maiƙo, babbar riga mai aiki, leshi mai duwatsu, hula zanna ko kube: waɗannan ba su da haɗi da injin wanki, ko da wane suna aka rubuta a jikinsa. Shadda tana rasa ƙyallinta, zaren aiki yana tashi, duwatsun leshi suna zubewa su tare a famfon fitar da ruwa. Maigidan da ya sayi inji da niyyar sallamar mai wankinsa zai dawo yana ba shi haƙuri. Inji na kayan yau da kullum ne: yunifom, atamfa, kayan yara, zannuwan gado, tawul, labule, hijabai. Kuma waɗannan su ne kashi mafi yawa na wankin da ke karya bayan mata.

Kayan jarirai masu najasa a fara ɗauraye su a famfo kafin a jefa, kada a haɗa da sauran kaya da kayan salla a ruwa ɗaya. Atamfar da ke zuba a ware ta, inji ba ya gane launi.

Maɓallai da na'urar busarwa

Shiri goma sha biyar, waya ta kunna shi daga nesa, waƙa in ya gama. Bayan wata guda za ka tarar shiri biyu kawai ake amfani da su. In 'yar aiki ce ko yaran gida za su riƙa kunnawa, mai sauƙin maɓalli ya fi daɗewa.

Wanda na fi jin takaicinsa shi ne mai haɗe da busarwa. Ƙarin kuɗi mai yawa, hita tana ci awa biyu ko fiye, kuma ba ya iya busar da duk abin da ya wanke a lokaci ɗaya. A ƙasar da in ka shanya zani da hunturu kafin ka gama sallar azahar ya bushe ƙamas! Sai dai mai zaune a bene ba tsakar gida, ko mai zama a Legas ko Fatakwal inda damina ba ta da ranar tafiya. Abin da ya kamata a duba shi ne ƙarfin matsewa. Mai ƙofa ta gaba yakan juya sau 1,000 zuwa 1,400 a minti, kaya su fito kusan a bushe, ko a watan Agusta ba sa yin warin danshi.

Na hannu

Sayen na hannu da ake shigowa da su daga waje, waɗanda ake ce wa Beljiyam, ba aibu ba ne, akwai masu ƙarko sosai a ciki. Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abu na farko, a karanta takardar baya. Wutarmu a Najeriya da Nijar da Ghana tsakanin bolt 220 ce zuwa 240, irin ta Turai. Ta Amurka bolt 120 ce, kuma yawan bugun da wutar ke yi a daƙiƙa ya sha bamban da namu. Injin da ya fito daga can, ka soka shi kai-tsaye a soket ɗinmu, sai hayaƙi. Ko da taransifoma ba ya jin daɗin aiki.

Sannan a gwada shi da ruwa a gabanka, daga shan ruwa har matsewa, ba wai a kunna fitila ta kama a ce "ka gani, Alhaji, lafiya lau" ba. Sa hannu ka juya gangar ciki. In ka ji tana gurza kamar ana niƙa tsakuwa, boris ya tafi, kuma a wasu injunan canza shi kusan kuɗin wani injin ne. Ɗaga gangar sama ka ji ko tana lilo. Buɗe naɗin robar ƙofa ka duba ko ta tsage. Leƙa ƙasa ka ga tsatsa. Mai kayan da ya ce ba ruwa a shago ko ba wuta, ka ce za ka dawo ranar da ake da su.

Garanti da mai gyara

Za ka ga an manna "shekara 10" da manyan haruffa a gaban wasu injuna. Wannan na motar da ke juya ganga ce kaɗai. Allon lantarki da famfo da roba suna ƙarƙashin garantin gaba ɗaya, wanda ya fi gajarta nesa ba kusa ba, kuma lalacewar da wuta ta jawo ba a cika ɗaukar nauyinta ba. A karɓi rasit da katin garanti mai hatimin shago, a ɗauki hotonsu a waya, tunda rubutun rasit yana gogewa.

Kafin ka je shago, fara zuwa wurin mai gyaran injin wanki na garinku ka tambaye shi wane iri ne ya fi samun kayan gyaransa. LG, Samsung, Hisense, Haier Thermocool, Scanfrost, Midea, duk ana sayar da su a Najeriya, amma abin da ake samu a Kano ko Kaduna cikin awa ɗaya, a wani garin sai an yi saƙo an jira mota. Mai baho biyu a nan ma ya yi zarra: bel, kwandansa, agogo, kusan duk mai gyaran fanka zai iya da shi. Baƙon suna mai arha wanda ba wanda ya san shi, araha ba ta ado.

Ranar da aka kawo shi

A auna ƙofa da wurin ajiyewa tun kafin a fita. Mai ƙofa ta gaba faɗinsa santimita 60 ne, tsayinsa kamar 85, amma nauyinsa yakan kai kilo 60 zuwa 80 saboda dunƙulen kankare da aka ɗaura masa a ciki don kada ya yi tsalle. Mai baho biyu ba nauyi, sai faɗi. Kada a ajiye kowannensu a rana ko inda ruwan sama ke duka, robar jikinsa za ta yi fari ta fara tsagewa. A duba inda ruwa zai fita: mai baho biyu da yawancin masu buɗewa ta sama ruwan da kansa yake gangarowa, don haka tiyon sai ya kwanta ƙasa ya nufi makwarara. Mai ƙofa ta gaba yana da famfon da ke tura shi. A kuma tambayi murfin ƙasa mai hana ɓera shiga, wasu injunan suna zuwa da shi a cikin kwali, masu haɗawa su jefar.

Omon wankin hannu an yi shi ne don ya yi kumfa, mu kuma mun saba auna tsafta da kumfa. Mai ƙofa ta gaba ba ya son ta. In ta yi yawa sai ta hana kayan gogar juna, ta tsawaita ɗauraya, wani lokaci ta ɓullo ta aljihun omo ta malale ƙasa. A nemi wanda aka rubuta na inji ne, a kuma rage hannu. A lalube aljihu kafin a zuba kaya. A ƙasan injin ta gaba akwai 'yar ƙofa mai matata a ciki, ranar da na fara buɗe tawa abin da na ciro fil ɗin hijabi ne guda shida, ɓallin goro da ya kumbura, da murfin biro. In an gama wanki a bar ƙofar a buɗe ta sha iska, in ba haka ba roba ta yi baƙi ta fara wari.

Sai wanda ni da kaina na tafka. A bayan sabon inji mai ƙofa ta gaba akwai manyan notuna uku ko huɗu da kamfani ke ɗaure ganga da su don kada ta yi ta bugun jiki a hanya. Dole a kwance su kafin a kunna. Yaron da ya kawo mini nawa a kori-kura ya sauke, ya jona tiyo, ya karɓi na shan ruwa ya tafi. Wanki ya tafi daidai har aka zo matsewa. Sai ga inji ya taso daga lungu yana ƙara kamar injin markaɗe, yana tafiya da ƙafafunsa, ya ja tiyo ya tsinke, yara suka watse waje suna salati. Mahaifiyata daga ɗaki take cewa, "Kai, kashe abin nan kafin ya fita titi!" Da sifana na kwance notunan cikin minti biyar, na toshe ramukan da 'yan murafan robar da na tarar a ledar takardu, na murɗa ƙafafunsa huɗu har ya daina rawa in an dafa shi. Notunan suna nan a ƙulle a leda, saboda ranar tashi daga gidan haya sai an mayar da su kafin a ɗora shi a mota.

Ƙanwata kuwa ta sayar da nata wa wata maƙwabciya mai burtsatse, ta sayi mai baho biyu na kilo 10, canjin da ya rage ta sayi duro biyu na tara ruwa.